Abin da Yaya Ta Gani a Cikin Kan Tunkiya

Na Allah ne mu, wurinshi kuma za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Ranar Laraba da hantsi aka kira yayar maigidana, ta amsa. Tana zaune bakin murhunta ta ce a miƙo mata ruwa, kafin a kawo moɗa ta jingina da bango ta cika. Ba jinya, ba wahalar da kowa. Dama ita ba ta son a ja magana da tsawo.

Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, ban iya riƙe alƙalami ba. Amma bakina ba ya tuntuɓe, duk Madarumfa an san haka. Babbar ɗiyata da ke koyarwa a lakwal ita ke rubutawa ina faɗa, na kuma ce mata kada ta gyara mini magana, kada ta sa sunan kowa. Wanda ya san mu ya san mu.

Ranar da aka kai ta, mahautan garinmu ba su ɗaga wuƙa ba. Sun zo jere da rigunansu na Juma'a, har ban gane wasu ba, don ban taɓa ganin su babu jini a gaban riga ba. Babbansu ya zauna ya ce, "Shekara arba'in muna kai mata kawuna. Yanzu wa zai riƙa zagin mu da safe mu ji daɗi?" Mata suka zo a amalanken jaki daga Safo da Sarkin Yamma. Wata ta zo daga Gabi tare da ɗanta, ƙato mai gemu, tana kuka tana nuna shi tana cewa, "Ba don ita ba da ban shayar da wannan ba." Liman da ya yi mata salla ya ce wa maza a waje, "Allah ya jiƙan ta. Mun sha musu da ita. Ban taɓa kayar da ita ba, ita ma ba ta kayar da ni ba."

Rana ta biyu wani maƙwabcinmu ya shigo da wani abu cikin buhu, ya aje bakin ƙofar ɗakinta, ya yi gaisuwa ya fita kanshi a ƙasa. Da aka buɗe, sai ga tukunyar ƙarfe. Mata suka toshe baki da mayafi, kafaɗu na rawa, a cikin zaman makoki! Zan gaya muku labarin tukunyar nan gaba kaɗan.

Shi kuwa maigida, ƙanenta, bai yi kuka ba. Ya zauna kan tabarma yana amsa gaisuwa, yatsanshi na kan wani ɗan loɓi da ke saman kunnenshi na dama, yana shafawa. Duk macen da ta gan shi yana shafa wurin nan sai ta dube ni, ni kuma in dubi ƙasa. Mun san abin da muka sani.

Sana'ar Yaya kai da ƙafa ce. Mijinta mahauci ne, da ya rasu ya bar ta da ɗiya ƙanana, sai ta kafa murhu a gefen kasuwa. Ta babbake kai, ta kankare shi fes, ta ɗora a gungume, ta sa ɗan gatarinta sau ɗaya, ƙoƙon ya rabu biyu ƙwaƙwalwa ba ta fashe ba. Maza sun gwada, sai su yi kaca-kaca da abin. Romonta kuwa, ni da nake alfahari da hannuna, ban taɓa cewa na fi ta a romo ba. A tuwo dai na fi ta, ita ma ta sani.

Tun ranar da aka kawo ni gidan nan take kira na amarya. Na haifi bakwai, na yi jikoki, haƙorana sun zube, ina nan amarya a bakinta. Ni kuma Yaya nake ce mata kamar yadda ƙanenta ke faɗa.

Abin da ya sa ta fita daban shi ne, in aka kawo mata ƙarar mutum, ba ta soma tambayar mi ya yi ba. Tambayoyinta uku ne, kowa ya hardace su. "Ya ci? Ya yi barci? Ina ke mishi ciwo?" In mata biyu suka zo suna kumfar baki a kan akuya ta ci shanya, sai ta zuba musu romo ta ce, "Ku sha tukuna. Ba na sauraron mai wofin ciki, ba shi ke magana ba, hanjinshi ne." Rabin faɗan nan kafin a suɗe kwano ya mutu. Takan ce danginsu duk haka suke, in la'asar ta yi ba su ci ba kada ka gaishe su. "Gadon babanmu ne, kamar faɗin hancin nan namu. Ba mu muka zaɓa ba. Abin da ya rage mana shi ne mu ci da wuri."

Matar Gabi ɗin nan, da ta haihu sai ta juya wa jaririn baya, ta ƙi kallon shi, tana ta kuka ba dalili. Uwar mijinta ta ce mugunta ce. Yaya ta ji labari a kasuwa, ta hau amalanke ta je, ba dangin iya ba na baba. Ta ce, "Wannan jinin haihuwa ne ya juya mata, ba zuciyarta ba. Ku bar zagin ta, ku bar ta ta yi barci." Kwana tara ta yi can tana goya jaririn, tana kai shi ga nono uwar na gyangyaɗi, har ranar da uwar ta miƙa hannu da kanta.

Liman ya taɓa tsayawa gaban murhunta ya ce, "Hajiya, in komai yunwa ce da ciwo, ina kika kai Shaiɗan?"

Ta ce, "Yana nan, Malam, ban kore shi ba. Amma na lura ya fi zuwa wurin wanda bai karya kumallo ba."

Ya ce, "To hisabi fa? Wa za a tambaya, mutum ko hanjinshi?"

Ta ce, "Wanda ya yi hanjin ya san rabon kowa. Ni dai da ba ni na yi ba, sai na bincika kafin in zagi bawan Allah. Zauna in zuba maka harshe, ka fi kowa aiki da shi."

Kada ku ce ba ta kuskure. Maƙwabcin nan mai buhu ya addabi unguwa da ɗaukar kaji. Maza suka ce a yi mishi duka. Yaya ta hana, ta ce yunwa ce. Wata guda tana ciyar da shi safe da rana. Ranar da ya cika wata, ya sha romo ya ƙoshi, ta shiga salla, ta fito ba tukunya. Ta tsaya riƙe da ƙugu ta daɗe, sannan ta ce, "To. Wannan kam kanshi lafiya lau, cikinshi ma lafiya lau. Hali ne." Ba ta ƙara ba shi ko ƙashi ba, ba ta kuma kai shi ƙara ba. In ya wuce sai ta ɗaga murya ta ce, "A gaida tukunya!" Shekara da shekaru.

Ɗiyata ta aje alƙalami yanzu ta ce mini, wai a littattafan da suka karanta ma akwai masu ilimin da ke neman asalin halin mutum cikin ƙwaƙwalwa da jini da abin da ya gada. Na ce sun makara. Yaya ta riga su, ita da ɗan gatarinta. Rubuta.

Yanzu ga abin da ya sa na ce sai an rubuta wannan takarda.

Maigidana manomi ne, in rani ya yi kuma ya shiga tabki kamun kifi. Mutum ne marar magana. Shekara talatin da wani abu muna tare bai taɓa ɗaga mini murya ba, bai kuma taɓa ce mini sannu da aiki ba. In tuwo ya yi daɗi ya cinye, in bai yi ba ya cinye. Haka Allah ya yi shi, na saba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, da kaka, yana kwaso damman gero daga gona, jaki ya firgita, amalanke ya tuntsure, ya faɗo kanshi ya bugi saiwar gawo. Ya tashi ya kakkaɓe riga, ya gyara kaya ya iso gida. Ɗan ƙulu ne kawai ya fito mishi sama da kunne, kwana uku ya saɓe. Kowa ya manta.

Bayan kamar wata ɗaya da rabi sai mutum ya soma canzawa. Ya zagi jaki, muka yi dariya. Ya zagi mai sallama a ƙofar gida, muka bar dariya. Ya soma cewa ana satar mishi kifi. Ya bar zuwa masallaci kan lokaci, ya zauna da rana tsaka yana harare-harare. Ƙannenshi maza suka ce iska ce ta tabki ta shafe shi. Aka yi hayaƙi, aka sha rubutu, aka yi tofi. Abu sai gaba.

Sai ranar sunan ɗan fari na ɗiyar nan tawa mai rubutu. Gida cike, surukai sun zo, maƙwabta sun zo. Ni na tuƙa tuwon da hannuna tun asuba, ban yarda wata ta taɓa muciya ba. Aka fitar da babban akushi wurin maza. Sai na ji hayaniya. Maigida ya shigo tsakar gida da akushin, gaban uwar mijin ɗiyata, gaban kowa da kowa, ya kifar da shi a ƙasa ya sa ƙafa ya ture. Ya nuna ni da yatsa ya ce ni ɓarauniya ce, ni ke sace mishi kifi. Ya ce shekara talatin yana haɗiyar ƙazanta don kunya, bai taɓa cin abin kirki daga hannuna ba.

Jama'a, da mari ya yi mini da ya fi sauƙi. Ni ce fa ake aikowa tun daga Safo in je in tuƙa tuwon biki. Ban yi kuka ba, ban ba kowa wannan daɗin ba. Na sa tsintsiya na share tuwon, na sallami baƙi da fara'a, na shiga ɗaki na soma ɗaure kaya. Na aika wa wana a Gabi ya turo amalanke da safe. Aure ya ƙare a wurina. Ƙannenshi kuma suka yanke cewa in na tafi, babu mai iya zama da shi, za su kai shi wani ƙauye inda ake sa wa irinsu marin ƙarfe a ƙafa.

Da safe an ɗora kwallayena da gadona a amalanke, sai ga Yaya ta tsaya a zaure, ta cika ƙofa, da kwano rufe a hannunta.

Ta ce, "Amarya, ina zuwa?"

Na ce, "Inda ake cin tuwona ba a zubarwa. Ba ni hanya, Yaya."

Ta ce, "Ba ni da hanya. Sauke kayan nan."

Na ce, "Don ƙanenki ne. Da mijinki ne ya yi miki haka da kin fasa mishi kai da gatarin nan naki. Yau ina tambayoyin naki? Ya ci, ni na ba shi. Ya yi barci, har da minshari. Sauran mi? Ku dai dangin nan haka kuke, kun ɓoye hali shekara talatin, yau ya fito."

Ta ce, "Ke kuma girman kai zai kashe ki. Tuwo aka zubar, ba jininki ba."

Na ce, "Gara jinina!"

Muka yi ta yi, mai amalanke ya juya baya yana gyara linzamin jakin da ba abin da ya same shi. Na faɗa mata maganganun da ba zan sa a takarda ba. Ta bar ni na gama, sannan ta ce, "Saura tambaya ta uku, ba ki amsa ba. Ba ni lokacin fasa kai ɗaya. In kin gani kin ce za ki tafi, ni zan kama miki kaya."

Ta ja ni bayan rumbu, ta buɗe kwano. Kan tunkiya ne, ɗanye, ko babbaka ba ta yi ba. Ta ce, "Kin san tunkiyar mai gidan kusa da rijiya? Wadda ke ta kewaye wuri ɗaya?"

Na san ta, duk unguwa an san ta. Lafiyayyar tunkiya mai bin garke, sai ta karkace wuya ta riƙa zagaye kamar an ɗaure ta a turke, tana tunkuyin ɗanta, tana karo da bango. Mutane suka ce iska ta taɓa ta. Da asubar nan aka yanka ta, Yaya ta je ta tsaya kan mahauta har suka ba ta kan.

Ta ɗora shi a kututture, ta sa gatari sau ɗaya. Ta buɗe a hankali ta ce, "Duba."

A gefe ɗaya na ƙwaƙwalwar akwai wata 'yar jaka fara, sirara kamar ɓawon albasa, cike da ruwa, da wasu ɗigo-ɗigo farare a jikinta kamar tsabar riɗi. Ta kai girman ƙwan zabo. Ta tura ƙwaƙwalwar gefe, ta yi wa kanta gurbi.

Yaya ta ce, "Duk mai kewaye da na fasa, sai na tarar da wannan. Tun ina da ƙuruciya nake gani, ban taɓa rasawa ba. To gaya mini, amarya. Da tunkiyar nan ta tunkuyi ɗanta, ƙin shi take?"

Na kawar da kai.

Ta ce, "Ta ɓoye hali ne shekara da shekaru, ya fito?"

Na ce, "Mutum ba tunkiya ba ne."

Ta ce, "Ba tunkiya ba ne, amma a kai ɗaya aka aje mana abin, mu da su. Ke fushi ya rufe miki ido, ni ina kallo. Takalminshi na hagu yana ja a ƙasa. Jiya kafin ya kifar da akushin, hannunshi na hagu ya riga ya saki. Yana kama kai nan, nan, inda ya bugu. Tun yaushe ya soma? Ƙirga daga ranar da ya faɗo daga amalanke."

Na ƙirga. Na zauna a ƙasa da zanen fitata. Ni da nake kwana ɗaki ɗaya da shi ban ga takalmin ba. Kunnena kawai ke aiki, idona ya tafi yawo.

Na ce, "In ba haka ba ne fa? In aka duba ba komai?"

Ta ce, "In ba komai, hali ne, kamar mai tukunya. Ni da kaina zan raka ki Gabi in ba wanki haƙuri."

Aka sauke kaya. Ƙannenshi suka yi gardama, ta ce musu ita ta goya su duka, wanda ya ƙara kawo zancen mari za ta tuna mishi gaban matarshi ranar da ya yi mata fitsari a baya. Suka ba mu hanya. Muka sa shi a mota zuwa Maradi, yana zagin direba tun daga tasha har muka isa. A likita, wato asibiti, lokotoro mai duba marasa lafiya ya sa shi ya ɗaga hannu biyu, na hagu ya riƙa sauka da kanshi. Ya haska mishi ido, ya tambayi zancen faɗuwa, ya ce mu wuce Yamai kada mu tsaya.

Can aka sa kanshi cikin wani inji aka ɗauki hoto. Lokotoro ya ɗaga hoton ga haske yana shirin yi mana bayani, sai Yaya ta miƙa yatsa ta ce, "Ga ta nan. Ga jakar." Wani abu ne kamar jinjirin wata, kwance ta gefen dama, ya tura sauran.

Lokotoro ya dube ta ya ce, "Inna, ina kika yi karatu?"

Ta ce, "Gefen kasuwa, kusa da masu manja."

Ya yi dariya ya ce ta kusa, amma wannan ba ruwa ba ne, jini ne ya riƙa tsiyaya a hankali tun ranar faɗuwar, ya kwanta tsakanin ƙashi da ƙwaƙwalwa yana danne ta. Ya ce da mun ƙara kwanaki da sai dai wani labarin. Suka huda ɗan rami sama da kunne suka zuƙe shi. Loɓin nan ke nan da yake shafawa.

Washegari da rana ya buɗe ido, ya dube ni da idon nan nashi na da, ya ce, "An shigar da geron rumbu?"

Geron da aka shigar tun wata biyu! Duk abin da ya biyo bayan faɗuwar ya goge, sai ɗan abin da ba a rasa ba kamar mafarki. Bai san an yi suna ba. Bai san ya zubar da komai ba. Na fita waje na jingina da bango na yi kukan da na hana kaina ranar suna.

Da muka dawo, Yaya ta bi gida-gida, har gidan surukai. Ta ce wanda ya gaya mishi abin da ya faɗa, ita da shi har abada. Ta ce, "Wanda ya yi maganar nan an zuƙe shi an zubar a Yamai. Wannan da ya dawo bai san komai ba, kada a ɗora mishi kayan wani." Ni ma ta sa ni na yi alkawari. Na yi, na kuma riƙe. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, na yafe da kaina, zuciyata ta ɗan jima. In na ɗauki muciya sai maganar ta dawo. Nakan ce, to in jinin ne ya buɗe ƙofa kawai, abin da ke ciki ya fito fa?

Sai wani abu ya faru. Kamar wata guda da dawowarmu, na aje mishi tuwo, ya ci, ya wanke hannu, ya ce, "Hannunki da albarka. Duk garin nan ba mai tuwonki." Na kusa sakin buta. Washegari ya sake faɗa. Jibi ma haka. In da baƙi ma ya fi ɗaga murya. Mutumin da bai taɓa cewa sannu ba!

Na ruga wurin Yaya na ce, "Lokotoron nan sun taɓa wata jijiya a kan ƙanenki. Ya zama maroƙi."

Tana kankare ƙafar sa, ba ta ko ɗago ba ta ce, "Mai yiwuwa."

Na ce, "Ba mai yiwuwa ba ne, haka ne. Ke kika koya mini."

Ta ce, "To amarya, ki ci ribar jijiya."

Daga nan na zama almajirarta fiye da kowa. Duk wanda ya yi abu sai in ce kanshi ne, jininshi ne. Shekara goma sha ɗaya ana yaba tuwona safe da yamma, ina jin daɗi, amma ban taɓa cewa na gode ba. Wa ke yi wa jijiya godiya? Muka zauna lafiya dai, muka aurar da sauran ɗiya, jikan da aka yi wa sunan nan har ya yi tsawo. Zaman da muka yi bayan Yamai ya fi na gabanin Yamai daɗi, wannan gaskiya ce.

Ranar sadakar bakwai ɗin Yaya, da la'asar, mutane sun watse, an naɗe tabarmi. Na tuƙa ɗan tuwo na kai mishi gindin bedi. Ya ci kaɗan, ya wanke hannu, ya faɗi abin da ya saba faɗa. Ni kuma don in sa shi murmushi na ce, "Allah ya jiƙan Yaya. Ita kaɗai na gaya wa cewa lokotoro sun taɓa maka jijiyar yabo."

Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Zauna."

Na zauna.

Ya ce, "Da muka dawo daga Yamai na ga mutane na kauce wa idona. Surukarmu ta gaishe ni a tsaye. Na ga gefen babban akushi ya tsage, na tambaya, kowa ya ce bai sani ba. Sai na je wurin Yaya na ce ba zan tashi ba sai ta faɗa mini. Ta faɗa. Duka. Ba ta rage ko kalma ɗaya ba."

Na ce, "Yaya? Ita da ta sa gari duka rantsuwa?"

Ya ce, "Ita. Na ce zan shiga tabki kada in fito. Ta ce in jira. Bayan kwana huɗu aka samu wata mai kewaye a Sarkin Yamma, ta aika aka kawo kan, ta fasa mini kamar yadda ta fasa miki. Ta ce ba ni na faɗa ba. Na ce ko ba ni ba ne, daga bakina ya fita, a kunnenki ya sauka, zan je in durƙusa. Ta ce kada in kuskura. Ta ce, amarya girman kai gare ta, in ka roƙe ta za ta ce ba komai, ta koma ɗaki maganar ta zama sabuwa. A bakin akushi ka ɓata, a bakin akushi za ka gyara, kullum, har ɗayanku ya tafi."

Ashe haka ne! Tsohuwar nan ta ɗaure ni ta nan, ta ɗaure shi ta can, ta zauna tsakiya tana kankare ƙafar sa tana ce mini mai yiwuwa.

Ya shafa loɓin nan ya ce, "Zagin ba ni ba ne, Yaya ta nuna mini da idona. Amma yabon ni ne."

Na ɗauki kwanon na tashi, don ba na son a ga fuskata a irin wannan hali. Na kai bakin madafa na tsaya. Sannan na juyo na faɗi abin da ya kamata in faɗa tun shekara goma sha ɗaya. Na ce, "Na gode, Malam."

Ya ce, "Ai gaskiya ce."

Na ce, "Na san gaskiya ce. Na gode dai."

Gatarinta yana ɗakina yanzu, ɗiyanta suka ce ni ta bar wa. Ban iya fasa kai sau ɗaya ba, ba kuma zan koya da tsufa ba. Na rataye shi inda nake ganin shi in an kawo mini ƙarar wani, don in tuna in yi tambaya uku kafin in buɗe baki, in kuma tuna cewa wani abin ba a ƙoƙon kai ake samun shi ba.

Ya Allah, Yaya ta bincika kafin ta hukunta bayinka. Kai da ka san abin da ke cikin kowane kai ba tare da ka fasa ba, ka yi mata sassauci, ka yalwata makwancinta, ka shayar da ita abin da ya fi romonta. Wanda ya karanta ya ce amin.